Malamin Da Ya Raina Abokin Gaba Ya Cuci Almajirinsa

Ran 27 ga watan Maris, 1999, da dare, wani rukunin sojan Yugoslabiya ya harbo jirgin yaƙin Amurka samfurin F-117 kusa da ƙauyen Budanovci, yamma da birnin Belgrade. Jirgin nan kuwa an ƙera shi ne musamman don ya ɓace wa rada, watau na'urar da ke hango jirage daga nesa. Makamin da ya kakkaɓo shi, S-125 Neva, ƙirar Tarayyar Sobiyet ne, kuma tun farkon shekarun 1960 ake aiki da irinsa. Abin da ya cike tazarar da ke tsakanin tsohon makami da sabon jirgi shi ne dabarar mutanen da ke riƙe da makamin. Shugabansu, Zoltan Dani, ya riƙa sauya wa rukuninsa mazauni a kai a kai, ya hana a bar rada a kunne fiye da kamar sakan 20 a lokaci guda, ya kuma lura cewa jiragen ƙungiyar NATO sun saba bin hanya ɗaya kusan kullum.

Wannan labari ya isa ya zama ma'aunin da za a auna kowace na'urar kwaikwayon tuƙin jirgin yaƙi da shi. Abin tambaya shi ne, in an shirya irin wannan karo a cikin na'urar, shin tsohon makamin yana da halin cin nasara? In amsar a'a ce, to na'urar tana koya wa matuƙi ƙarya, kome kyan hotonta da ƙarar injinta.

Koyon tuƙin jirgi a ƙasa ba sabon abu ba ne. A 1929 wani Ba'amurke, Edwin Link, ya ƙera wani ɗan akwati mai kujera da sitiyari wanda ke karkata kamar jirgi, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu dubban ɗaruruwan matuƙa sun yi horo a cikinsa. Amma akwatin Link tuƙi kaɗai ya koyar. Buƙatar kwaikwayon makamai masu linzami ta taso ne bayan da suka nuna abin da za su iya. Ran 1 ga watan Mayu, 1960, makamin S-75 ya harbo jirgin leƙen asirin Amurka, U-2, a sararin samaniyar Sverdlovsk. Ran 24 ga watan Yuli, 1965, irin makamin nan ya kakkaɓo jirgin F-4 a Biyetnam ta Arewa. A yaƙin Oktoba na 1973 Isra'ila ta yi hasarar jirage kimanin 100, da yawansu kuwa makaman ƙasa na Masar da Siriya ne suka cinye su. Daga nan manyan rundunoni suka gane cewa matuƙin da bai taɓa ganin yadda ake harbinsa ba, ran da ya fara gani tana iya zama ranarsa ta ƙarshe. Dalilin ke nan da ya sa Amurka ta soma atisayen nan da ake kira Red Flag a jihar Nevada a 1975, don matuƙi ya sha wahalar fitowarsa ta fari a inda ba a mutuwa.

A yau irin wannan horo ya shiga kwamfuta. Akwai manyan na'urori masu tsadar gaske a barikokin mayaƙan sama, akwai kuma waɗanda kowa ke iya sa wa a kwamfutar ɗakinsa, irin su Falcon 4.0 da ya fito a 1998, da DCS World na kamfanin Eagle Dynamics. Iyakar da ke tsakanin wasa da horo kuwa ta yi siriri, gama jirgin A-10C da ke cikin DCS ya samo asali ne daga wata manhajar horo da kamfanin ya shirya wa wani sashe na mayaƙan saman Amurka. Saboda haka gardamar da masu amfani da waɗannan na'urori ke yi kan yadda aka kwaikwayi makaman kakkaɓo jirage ta wuce hirar 'yan wasa.

Kafin a gane inda kuskure ke shiga, ya kamata a san yadda makamin ke aiki. Injin makami mai linzami ba ya ci gaba da ci har ya kai ga abin da aka harba masa. Yakan ƙone mansa cikin ɗan lokaci kaɗan, sa'an nan ya ci gaba da tafiya da saurin da ya tara, kamar dutsen da aka jefa. Duk juyin da ya yi don bin jirgi yana rage masa ƙarfi, iskar da ke kusa da ƙasa kuwa ta fi ta can sama kauri, saboda haka ta fi saurin cinye masa gudu. Matuƙin da ya san haka yakan tilasta wa makamin ya yi ta juyi har ya gaji. To, in mai rubuta manhaja ya yi kuskure kaɗan wajen lissafin yadda iska ke riƙe makamin, sai a sami ɗayan biyu: ko makamin ya zama aljani mai bin jirgi har inda na gaske ba zai kai ba, ko kuwa ya zama rago mai faɗuwa tun bai yi rabin hanya ba.

Haka kuma hanyar shiryar da makamai ta bambanta. S-75 da S-125 daga ƙasa ake tuƙa su da umurnin rediyo, don haka in radar ƙasa ta rasa jirgin, makamin ya makance. Makamin 2K12 Kub, wanda Turawan Yamma ke kira SA-6, yana bin hasken rada ne da ke dawowa daga jikin jirgi. Ƙananan makaman da ake saɓawa a kafaɗa zafin injin suke bi. Kowanne da maganinsa: wani ɓarɓashin ƙarfe ake watsa masa, wani ƙwallon wuta, wani kuwa sai a fake masa a bayan tsauni, tun da rada ba ta ratsa dutse. Na'urar da ta bar rada tana hango jirgi ta cikin tsauni, ko ta sa ɓarɓashin ƙarfe yana ruɗar kowane makami daidai wa daida, ta koya wa hannun matuƙi al'adar da za ta ci amanarsa. Abin da hannu ya saba kuwa shi yake yi in tsoro ya zo, domin a lokacin babu sararin tunani.

Kurakuran nan iri biyu ne, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Wanda ya sa makami ya fi ƙarfinsa na gaske yana sa matuƙi tsoron da ya wuce kima, ya riƙa kauce wa wuraren da zai iya shiga. Hasara ce, amma mai ita yakan koma gida. Wanda ya sa makami ya zama wawa shi ne mai kisa, kuma shi ne ba a cika kai ƙararsa ba, gama mutum ba ya kukan nasarar da ya samu a arha. Mai saye yakan yi fushi in an harbo shi ba bisa ƙa'ida ba, amma ya yi shiru in ya tsira ba bisa ƙa'ida ba. Ta haka ne kasuwa kanta ke tura masu ƙera na'urorin wajen raunana abokin gaba.

Raunin da ya fi kowane girma yana wajen kwaikwayon mutanen da ke bayan makamin. Tun a Biyetnam, da Amurka ta fito da makamin Shrike mai bin hasken rada har gindinta, ma'aikatan rada suka koyi kashe ta da kunna ta, da yin ƙaura da dare, da kafa makaman bogi. Ran 2 ga watan Yuni, 1995, an harbo jirgin F-16 na Scott O'Grady a Bosniya da makamin Kub wanda masu shi suka yi kwanton ɓauna, ba su bar radarsu a kunne ba sai daf da harbi. Akasin haka ya faru ran 9 ga watan Yuni, 1982, a kwarin Beka'a na Lebanon, inda rukunonin Siriya 19 suka daɗe a wuri ɗaya, suka kunna rada don jirage marasa matuƙa da aka aiko musu a matsayin tarko, Isra'ila kuwa ta ragargaza mafi yawansu a yini guda. Makaman Beka'a da na Bosniya dangi ɗaya ne, masu riƙe da su ne suka bambanta. Na'urar da rukunoninta ke zaune wuri ɗaya da rada a kunne suna jiran a kashe su, Beka'a kaɗai take koyarwa. Masu amfani da DCS da kansu sun ga wannan giɓi, har waɗansunsu suka rubuta ƙarin tsari mai suna Skynet IADS don rukunonin su riƙa kashe rada, suna taimakon juna kamar yadda sojan gaske ke yi.

Wanda ke ganin ƙaramin kuskuren lissafi ba abin damuwa ba ne, sai ya tuna da Dhahran ta ƙasar Saudiyya. Ran 25 ga watan Fabrairu, 1991, makamin Scud na Iraƙi ya faɗa wa wani masaukin sojan Amurka, ya kashe mutum 28, alhali akwai rukunin Patriot da ke gadin wurin. Binciken da ofishin mai binciken kuɗi na majalisar Amurka ya fitar a 1992 ya nuna cewa agogon kwamfutar yana ƙirga lokaci da kashi ɗaya bisa goma na sakan, adadin da ba ya rubutuwa cif a lissafin kwamfuta, sai an datse shi. Bayan awa 100 a kunne, ɗan abin da ake datsewa ya taru ya kai kimanin sulusin sakan. A wannan ɗan lokaci Scud yana tafiyar fiye da rabin kilomita, sai radar ta neme shi a inda ba ya nan, ba a ko harba masa kome ba. An tsara Patriot ne bisa zaton za a riƙa kashe shi ana ƙaura da shi bayan 'yan awoyi. Zaton da ba a gwada ba shi ya yi kisan, kuma kowace na'urar kwaikwayo cike take da irin wannan zato.

Masu ƙera na'urorin suna da hujja, kuma ya kamata a saurare ta. Ainihin ƙarfin makaman zamani asirin gwamnatoci ne, ba wanda zai ba kamfanin wasa shi. Neman gaskiyar da ta wuce iyaka ma yana da nasa haɗari: a 2021 wani mai buga War Thunder ya fallasa shafuffukan littafin sirri na tankar Ingila, Challenger 2, don kawai ya nuna an yi kuskure a yadda aka zana ta. Wannan wauta ce da laifi, babu mai goyon bayanta. Amma hujjar asiri ba ta rufe kome da kome ba. Littattafan S-75 da S-125 da Kub sun daɗe a fili, labarin dabarun masu aiki da su kuma an rubuta shi. Dokokin iska da nauyi ba asirin kowa ba ne. Abin da ba a sani ba a yi masa ƙiyasi, amma a faɗa a fili cewa ƙiyasi ne, kuma in za a karkata, a karkata wajen ƙarfafa abokin gaba.

Nan ne maganar ta shafi ma'aikacin gwamnati da ɗalibi. Ƙasashe da yawa, har da Nijeriya, sayen jiragen yaƙi suke yi daga waje tare da na'urorin horonsu, kuma jami'ai ne ke sa hannu a takardun. Jami'in da aka kai shi ya ga na'ura, kada hoton gajimare da girgizar kujera su ɗauke masa hankali. Ya tambaya daga ina aka samo alƙaluman makaman da ke ciki, wa ya gwada su, da me aka gwada su, wane ne zai gyara in an gano kuskure, kuma shekara nawa kwangilar gyaran za ta yi. Ya nemi a ba malaman horo ikon sauya halin abokin gaba da hannunsu, a kuma ajiye littafin da kowane matuƙi zai rubuta abin da ya ga ya saɓa wa jirgin gaske. Ɗalibin lissafi da na kimiyyar kwamfuta kuwa ya sani cewa ragowar da yake zubarwa a ƙarshen lissafinsa tana iya taruwa ta zama rayuka 28.

Na'urar kwaikwayo alheri ce babba, domin tana ceton mai da jirage da rayukan matasa. Amma malami ce, darajar malami kuwa tana ga gaskiyar abin da ya koyar. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Lalle matuƙi ya fi buƙatar a harbo shi sau ɗari a cikin ɗaki, ya tashi ya sha ruwa ya sake gwadawa, da a bar shi ya fita da yaƙinin da makami na fari zai ƙaryata.