Ɗarin da Muka Gina da Hannunmu

Jama'a, ina neman afuwa tun da farko, domin maganar da zan yi ba za ta yi wa wasu daɗi ba, musamman masu gidajen hayar da suka kewaye makarantar nan, da kuma mu 'yan boko masu ganin duk abin da aka gina da ƙasa ƙauyanci ne. Amma tun da na kusa rasa raina a kanta, ina ganin ina da bakin magana.

Ga yadda abin ya faru. A hunturun bara, cikin watan Janairu, ni da abokin zamana muna haya a wani ɗaki a bayan makaranta. Ɗaki ne irin wanda kowannenku ya sani: bulo mai inci 6, rufin kwano, babu silin, ƙofar ƙarfe wadda ɓera ke wucewa ta ƙarƙashinta ba tare da ya sunkuya ba, sai taga mai gilashi yanka-yanka, uku sun fashe an liƙe da kwali. Wani dare jaura ta taso, muka kasa karatu, muka kasa barci. Sai muka ari kasko, muka sayo gawayi, muka hura shi a waje har hayaƙi ya ƙare, ya koma garwashi ja wur. Muka shigo da shi, muka toshe ƙarƙashin ƙofa da tsumma, muka toshe taga, har muna yaba wa kanmu dabara. Ɗaki ya yi ɗumi, barci ya kwashe mu.

Wani maƙwabcinmu ne mai tashe mu sallar Asuba Allah ya sa ya zama sanadin tsirarmu. Na riƙa jin bugun ƙofarsa kamar daga ƙasan rijiya. Kaina kamar ana sara da gatari, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, da rarrafe na je na zare sakata. Abokina kuwa sai da aka ciccibe shi, yana amai, bai san wanda ke kansa ba. A asibiti likita ya yi mana faɗa irin na uba da 'ya'yansa, sa'an nan ya yi mana bayani. Gawayi in yana ci a wurin da iska ba ta zagayawa, yakan fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi sau 200 da ɗoriya, saboda haka mutum yana numfashi amma jikinsa na shaƙewa. Maganar da ake yi cewa in hayaƙi ya ƙare garwashi ba shi da illa, ƙarya ce tsagwaronta, domin garwashin ma yana fitar da ita. Sau nawa muke jin an wayi gari an tarar da iyali guda a ɗaki babu rai, da kasko ko janareta a gefe, a ce aljanu ne, ko an sa musu guba a tuwo? Gubar tana nan, amma ba a tuwo take ba.

To, wautarmu na amsa ta. Amma tambayar da ta hana ni sukuni tun daga ranar ita ce: me ya kai samari biyu majiya ƙarfi ga neman wuta a ɗaki? Ba a Rasha muke ba. Ɗarinmu na 'yan watanni ne, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma ko a muku-mukunsa ma'auni yakan sauko ne ƙasa da digiri 15, wani daren ya kusanci 10. (Af, tun da mujallar Hausa ce, bari in tuna wa 'yan aji ɗaya cewa Bahaushe ya bambanta sanyi da ɗari. Sanyi na damshi ne, ɗari kuwa busasshe ne, shi ne mai kawo faso da kaushi.) Wannan ɗan ɗarin bai isa ya gagari ɗakin kirki ba. Namu ne ba na kirki ba.

Da aka sallame mu na tafi cikin birnin Zariya wajin kakata in yi jinya, aka sa ni a soronta. Iskar dai ita ce, watan shi ne, amma mayafi ɗaya ya ishe ni, har cikin dare na ture shi. Da safe na gaya mata, ta yi dariya ta ce, "Maigidana, ai ku kuka zaɓi kwana a gwangwani. Mu a tukunya muke kwana." Ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta faɗi abin da ke cikin littattafan kimiyya. Bangon soronta na tubali ne, kaurinsa daga ƙasa ya kai kamu guda, rufin kuma azara ce aka jera aka ɗora ƙasa a kai. Irin wannan gini yini yake yi yana shan zafin rana sannu a hankali, zafin ba ya ratsa shi sai dare ya yi, daidai lokacin da ake bukatarsa. Kafin ya huce gari ya waye. Da bazara kuma haka yake tare zafin tsakar rana a waje. Kwano fa? Kaurinsa bai kai na farce ba. Da rana ta taɓa shi ya ɗau zafi, da ta faɗi ya huce, kuma da yake sararin hunturu busasshe ne babu gajimare, kwano yakan zubar da zafinsa sama da gaggawa. Iska mai ɗumi a kullum sama take tashi, in babu silin sai ta tarar da kwano mai sanyi, ko ta fice ta kafar da ke tsakanin bango da rufi. Ɗan ɗumin da jikinka ya tara da ƙyar, ka tara wa taurari ke nan. Daɓen siminti kuma yana ƙasa yana zuƙe sauran ta cikin katifa.

Abin da ke ba ni haushi shi ne wannan gwangwani muke kira ci gaba. A ƙauyukanmu in an ce wane "ya yi kwano", ana nufin ya yi arziki. Mutum zai rushe soron da ubansa ya gada, mai ɗaurin guga da zankwaye, ya kafa bulo, ya buga kwano, kuɗi su ƙare kafin a kai ga silin, ya tare a haka, 'ya'yansa su yi ta tari da mura duk hunturu, da bazara kuma su gasu kamar gurasa a tanderu. Gudun gara, an faɗa gidan zago.

Mu ɗaliban Hausa ma ba mu fita ba. Mun haddace tubali da azara da makuba da laso da indararo, muna zuba su a takardar jarrabawa mu sami maki, mu rubuta kundi a kan Sarkin Magina, amma a tambayi kowannenmu irin gidan da zai gina in ya kama aiki, a ji amsa. Malamaina, ku gafarce ni, ku ma tambayar ta shafe ku. Mun mai da ginin iyayenmu kayan gidan tarihi, abin da za a kai baƙo Gidan Makama a Kano ya ɗauki hoto, alhali wasu sun riga mu farkawa. Masallacin Yama a jihar Tawa ta Nijar, wanda magini Falke Barmu ya soma a 1962, da ƙasa aka yi shi, kuma ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Francis Kéré, mutumin Burkina Faso, ya gina wa ƙauyensu Gando makaranta a 2001 da bulon ƙasa da aka ɗan gauraya da siminti, ya yi rufin ƙasa daga ciki, ya ɗaga kwano daga sama don ya tare ruwa. A 2022 aka ba shi kyautar Pritzker, wadda babu kamarta a fagen zanen gini, shi ne ɗan Afirka na farko da ya same ta. Wato Turawan da muke kwaikwayo suna ba da lambar girma a kan abin da muke jin kunyarsa.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba zan kauce masa ba. Za a ce ginin ƙasa yana son yaɓe kusan kowace shekara, damina na cinsa, gara na cin katakonsa, giginyar da ake fasa azara ta yi ƙaranci. Duk gaskiya ne. Za a kuma tuna mini da ranar Juma'ar nan ta watan Agusta 2023, da wani sashe na tsohon masallacin Juma'a na Zariya ya rufta wa masallata, aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu. Amma a tuna, wannan masallaci Babban Gwani ya gina shi tun wajajen 1830 da wani abu, ya yi kusan shekara 190 a tsaye. Benen nan mai hawa 21 da ya rushe a Ikoyi ta Legas a watan Nuwamba 2021, ya kashe fiye da mutum 40, ba da tubali aka yi shi ba, kuma ko gama shi ba a yi ba. Kowane gini yana son gwani, yana son kulawa. Ni ban ce a koma jiya dungurungum ba. A cikin birni akwai gidajen da aka bar rufin soro yadda yake, aka ɗora kwano a bisansa: ƙasa na riƙe ɗumi, kwano na tare ruwa, ba wanda ya shiga aikin wani. Me ya hana wannan ya zama shi ne yayi?

Wani abokina ɗan gata ya ce in daina surutu in sayi hita. Bari mu yi lissafi. A watan Afrilu 2024 aka mai da kuɗin wuta ga 'yan rukunin A, masu samun awa 20 a rana, Naira 225 kowane yunit. Ƙaramar hita mai wat 1,000 in ta yi awa 8 ta ci yunit 8, Naira 1,800 ke nan a dare guda a bisa wancan farashi, Naira 54,000 a wata, a shekarar da aka sa mafi ƙarancin albashi Naira 70,000. Mu da ba ma cikin rukunin A kuwa, ko an ba mu hitar kyauta sai dai mu ɗora littattafai a kanta. Ga kuma tsofaffin wayoyin gidajen haya, ga busasshiyar iska, ba sai na faɗa wa kowa dalilin da gobara ke yawaita da hunturu ba. Kuma ko da wutar ta samu, ɗumama ɗakin da babu silin ɗibar ruwa ne da kwando.

Bana dai na koma ɗakin nan, don ba ni da kuɗin wani, amma na koma da hankalina. Kaskon na mayar wa mai shi. In ɗari ya matsa, a tsakar gida muke jin ɗumi, wuta ta mutu a can. Na cusa tsummoki a tsohuwar ƙafar wando na ɗaure bakinta, ita ke toshe ƙarƙashin ƙofa. Na rataya asabari a taga, na ɗora tsohon bargo a kansa. Ƙarƙashin katifa na shimfiɗa kwalaye da tabarma biyu, kuma wannan kaɗai ya raba ni da ciwon haƙarƙarin da nake tashi da shi. Da hantsi nakan buɗe ƙofa da taga rana ta shigo, da La'asar in rufe kafin iska ta juya. Riguna biyu marasa nauyi sun fi guda mai kauri, domin iskar da ke tsakaninsu ita ke riƙe ɗumi, sai hula da safa na gwanjo. Dabarar da ta fi burge ni kuwa ta kakata ce: a ɗora dutse ko bulon ƙasa a gefen murhu lokacin girki, a naɗe shi da tsumma a sa wajen ƙafa. Ba ya hayaƙi, ba ya guba, kuma yakan kai tsakar dare da ɗuminsa. Abu ɗaya nake roƙon mai karatu ya riƙe: toshe kafofi da shigo da wuta ba sa haɗuwa a ɗaki ɗaya. Haɗa su da muka yi ne ya kai mu asibiti.

Amma duk waɗannan faci ne, ramin yana sama. Saboda haka na je na sami mai gidanmu, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Alhaji, a taimaka a sa mana silin, ko na kwali ne." Ya dube ni ya ce, "Yaro, kai karatu ka zo yi ko jin daɗi? Waɗanda suka riga ka haka suka zauna har suka gama." Na ce, "Allah ya ƙara girma, ai saura kaɗan ni ban gama ba." Ya ce ajali ne bai yi ba. Haka ne, ajali na Allah ne. Amma shi Alhaji ɗakinsa da silin, na gani da idona, kuma kowace shekara sai ya ƙara kuɗin haya ba tare da ya jira ƙaddara ta ƙara masa ba.

Ɗaki 12 ne a gidan. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, mutanen ɗaki 9 sun yarda cewa in lokacin biyan haya ya zo za mu je tare, mu ce a cire kuɗin silin daga ciki, mu kawo kafinta da kanmu. Sauran ukun sun ce suna tsoron a kore su, ban kuwa ga laifinsu ba. Duk ɗalibin da ke kwana ƙarƙashin kwano tsirara a wani gidan, in yana son ganin yadda muka tsara takardarmu, ya neme ni bayan taron ƙungiya.