Sakacin da Ya Cinye Kakar New York Mets

Ranar 12 ga Yunin 2025, duk faɗin Amurka babu ƙungiyar besbol da ta kai New York Mets yawan nasara. Sun buga wasa 69, sun ci 45. Daga ranar zuwa ƙarshen Satumba suka ƙara buga 93, aka lallasa su a 55, suka rufe kaka ba tare da sun samu gurbi a wasannin neman kofi na watan Oktoba ba. Ƙungiya 12 cikin 30 ake ɗauka. Wato ƙungiyar da ta zuba kimanin dala miliyan 340 a albashin 'yan wasa ta kasa shiga sahun 12. Wannan abin kunya ne, kuma yana da mai shi. Ban yarda a jingina shi ga rauni ko rashin sa'a ba. Laifin shugabanni ne, kuma kaso mafi tsoka na David Stearns ne, wanda aka damƙa wa ragamar zaɓo 'yan wasa da sayensu.

Wanda bai saba kallon besbol ba, abu guda zai riƙe ya gane zancen. Wasa zagaye tara ne, kuma kusan kullum ake bugawa, wasa 162 cikin wata shida. Ƙashin bayan kowace ƙungiya su ne masu jifa biyar da ke buɗe wasa bi-da-bi. In mai buɗewa ya yi zagaye shida ko bakwai yana hana masu bugu sakat, 'yan canji sai su ƙarasa ragowar, kowa ya samu hutu. In kuwa aka fitar da shi a zagaye na huɗu, nauyi ya koma kan 'yan canjin nan, yau su, gobe su, jibi su, har hannuwansu su saki.

A wannan ranar ta 12 ga Yuni, a filinsu na Citi Field, mai buɗe wasan Mets Kodai Senga ɗan Japan yana jifa kamar ba za a taɓa cinsa ba. A lokacin, cikin kowane zagaye tara, maki ɗaya da rabi kacal ake iya ci a hannunsa. A zagaye na shida aka buga ƙwallo a ƙasa, abokin wasansa Pete Alonso ya tsince ta, Senga ya ruga ya tare tashar farko. Jifan ya yi sama, ya daka tsalle ya cafe, ya dira a kan tashar, sai ga shi a kwance yana riƙe da bayan cinyarsa ta dama. Mets sun ci wasan, amma wasa bakwai da suka biyo baya duk sun sha kashi. Kafin watan ya ƙare wasu masu buɗe wasa biyu suka bi sahu: Tylor Megill ya kwanta da ciwon gwiwar hannu, jijiyar agarar Griffin Canning ta tsinke. Mets suka je Pittsburgh wurin ƙungiyar da ke can ƙasan teburi, aka zura musu maki 30 a wasa uku, su kuwa 4 suka iya samu.

Za a ce ai rauni ne, kuma rauni ba ya shawara da kowa. Gaskiya ne. Amma a duba su wa aka tara tun farko. Senga wasa ɗaya tak ya buga a kakar 2024 kafin Oktoba, saboda ciwo. Frankie Montas, wanda aka ba dala miliyan 34 na shekara biyu, kusan duk 2023 a jinyar kafaɗa ya yi ta. Clay Holmes ɗan canji ne shekara da shekaru, aka mayar da shi mai buɗewa. Ya yi ƙoƙari ƙwarai, ya cancanci yabo, amma ba a tsammanin wanda ya saba jifan zagaye ɗaya ya riƙa kai bakwai har Satumba. Sean Manaea, mai kwantiragin dala miliyan 75, bai taka fili ba sai tsakiyar Yuli. Duk wanda ya haɗa wannan ayari ya san caca ya yi da lafiyar mutane. Da cacar ta ci shi, bai isa ya ce ƙaddara ce ba.

Stearns daga Milwaukee ya zo, inda aljihu ba shi da zurfi, kuma a can ya yi suna wajen tsinto masu jifa da arha a gyara su. Yana gudun ba mai jifa doguwar kwantiragi, kuma ba a rasa masa hujja ba: Corbin Burnes da Arizona ta saya da dala miliyan 210 bai kai tsakiyar kaka ba gwiwar hannunsa ta lalace. To amma New York ba Milwaukee ba ce. Mai ƙungiyar, Steve Cohen, shi ne ya ba Juan Soto dala miliyan 765 na shekara 15, kuɗin da ba a taɓa ba wani ɗan wasa ba. A daidai lokacin ne maƙwabtansu Yankees suka ɗauki Max Fried, Boston ta ɗauki Garrett Crochet. Wanda aka sakar wa bakin jaka irin haka, ya zo yana tsumulmula a wurin da ya fi kowane muhimmanci, taurin kai ne ya ja shi.

Duk da haka, wannan ba shi ne babban laifin ba. Kowa na iya yin lissafi a watan Disamba ya ƙi fita. Babban laifin shi ne na ƙarshen Yuli. Mako bakwai ne tsakanin faɗuwar Senga da rufe kasuwar musayar 'yan wasa ranar 31 ga wata, kuma a cikinsu babu wanda ke da ido da bai ga inda ƙungiyar ke zubewa ba. An shafe sama da wata biyu babu mai buɗe wasa ko ɗaya da ya kammala zagaye shida in ban da David Peterson. A lokacin Mets suna kankankan da Philadelphia a saman rukuninsu, kakar tana hannunsu. Me Stearns ya yi? Ya sayo 'yan canji uku, Ryan Helsley da Tyler Rogers da Gregory Soto, ya ƙara da mai tsaron fili Cedric Mullins. Mai buɗe wasa ko ɗaya bai kawo ba. Rufin ɗaki na yoyo, shi kuma ya tafi kasuwa ya sayo bokitai. Kuma ba wai hajar ce babu ba. Texas ta ɗauki Merrill Kelly, Toronto ta ɗauki Shane Bieber, Cincinnati ta ɗauki Zack Littell. Cincinnati ɗin nan, wadda albashin 'yan wasanta bai kai rabin na Mets ba, ita ce ta ƙwace gurbin a ƙarshe.

Helsley ya ba ni tausayi. Mutum ne da a 2024 ya rufe wasa 49 da nasara a St. Louis, babu wanda ya kai shi a shekarar. A New York, cikin zagaye 20 da ya jefa, an ci maki 16 ta hannunsa. Sau da yawa za ka gan shi yana saukowa daga tudun jifa kai a sunkuye, mutanen filinsu na yi masa ihu. An yi ta cewa masu bugu na gane irin jifan da zai yi daga yadda yake riƙe hannunsa. In haka ne, ina masu horarwa da tarin na'urorin ɗaukar hoto da ƙungiyar ke taƙama da su? Kafin kaka ta ƙare Mets sun yi amfani da masu jifa 46, adadin da babu ƙungiyar da ta taɓa kaiwa a tarihin gasar kafin wannan kaka. A kira mutum daga ƙaramar ƙungiya yau, ya yi jifa da dare, gobe a sallame shi. Wannan ba tsari ba ne, kame-kame ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganar yara. Nolan McLean yana can Syracuse a ƙaramar ƙungiyarsu yana nuna bajinta tun bazara, aka bar shi har 16 ga Agusta, alhali Montas na shan duka mako bayan mako. Da aka kira shi, ya buɗe wasa takwas, ya ci biyar, ya zama mafi gwanintar masu jifansu baki ɗaya. Ƙungiyar da nasara ɗaya tak ta raba ta da Oktoba, a lissafa abin da wata guda na jinkirin nan ya jawo mata. Da ruwa ya kai wuya kuma sai aka koma ɗaya gefen, aka jajibo Jonah Tong mai shekara 22 da Brandon Sproat, aka ɗora musu kakar dala miliyan 340 a ka. Ranar 12 ga Satumba Texas ta ci Tong maki shida tun a zagayen farko, aka fitar da shi bai ƙarasa ba. Bayan wasa ya tsaya gaban 'yan jarida muryarsa na rawa. Bai kamata a sa yaro a wannan hali ba, kuma manyan da suka sa shi sun san haka. Senga kuwa, da aka dawo da shi bayan wata guda bai koma daidai ba, Syracuse aka mayar da shi a Satumba.

Koci Carlos Mendoza da 'yan wasa ma ba su kuɓuta ba. Wata uku ana maimaita magana ɗaya, cewa akwai gwanaye a ƙungiyar, abubuwa za su daidaita. Gwanaye kam akwai. Juan Soto ya buga ƙwallo 43 bayan katanga, Alonso 38, Francisco Lindor 31. Amma sau 70 suka shiga zagayen ƙarshe ana gaba da su, ko sau ɗaya ba su farke sun ci ba. Ga sakin ƙwallo a hannu, ga jifan da ba ya isa inda aka nufa. A Satumba sun yi asarar wasa takwas a jere, sannan Washington da ke ƙarshen rukuni ta zo har gida ta ci biyu cikin uku.

Duk da wannan ɓarna, ranar 28 ga Satumba ƙofa na buɗe. Milwaukee ta doke Cincinnati, abin da ya rage kawai Mets su ci Miami. Babu mai buɗewa da za a dogara da shi, aka fara da Manaea, aka cire shi a zagaye na biyu, aka yi ta sauya hannu har Miami ta kwashi maki huɗu a zagaye na huɗu. A na biyar tashoshi uku duk a cike, Alonso ya maka ƙwallo da dukkan ƙarfinsa, ta tafi ɓangaren hagu, mai tsaron fili ya bi ta a guje ya cafe. Aka tashi 4 da nema. Mets da Cincinnati kowa na da nasara 83, amma Cincinnati ta ci huɗu cikin wasa shida da suka haɗu, gurbi ya zama nata. Wasu za su riƙa tuna bugun Alonso su ce saura ƙiris. Ni ban ga ƙiris ba. Ƙungiyar da ta ba Philadelphia ratar wasa biyar da rabi a Yuni, ta ƙare Philadelphia na gabanta da 13, ba bugu ɗaya ne ya kayar da ita ba.

Sama da mutum miliyan uku ne suka sayi tikiti suka shiga Citi Field a kakar, magoya bayan da rabonsu da kofi tun 1986. Cohen ya fito ya ba su haƙuri, Stearns ma ya amsa laifi da bakinsa. Bayan 'yan kwanaki sai aka sallami mai horar da masu jifa Jeremy Hefner da masu horar da bugu Eric Chavez da Jeremy Barnes, shi kuwa Stearns aka bar shi a kan kujerarsa. Hefner ba shi ya sa hannu a kwantiragin Montas ba, ba shi ya riƙe McLean a Syracuse ba, kuma ba shi ne ya zauna da waya a hannu ranar 31 ga Yuli har kasuwa ta tashi bai sayo mai buɗe wasa ba.