Matakan Jhana Takwas da Ragwancin Alƙalaminmu



Akwai wani hoto da ya addabi labaran da ake sakewa a zauruka irin namu, musamman idan an kai jarumi Indiya ko Sin. Tsoho mai aski ƙwal ya tanƙwashe ƙafa a kan dutse, ya lumshe ido, sai marubuci ya ce wai "ya kwashe komai daga zuciyarsa". Shafi biyu gaba, tsohon ya tashi sama ko ya narkar da takobi da kallo. Wannan ragowar fim ɗin Chana ne da aka kalla ana gyangyaɗi. Ragwanci ne, kuma ya faɗa kan abin da mabiya Buda suka fi komai tsara shi daki-daki.

Sunan abin jhana a harshen Fali, wanda aka adana tsofaffin nassoshin mazhabar Terawada da shi. A Sanskirit ana cewa dhyana. Da kalmar ta shiga Sin ta koma chan, a Japan ta zama zen. Ma'anarta zuciya ta nutse cikin abu guda, kamar numfashi, har ta daina tsalle-tsalle. Kuma hawa-hawa ce.

Kafin a taka matakin farko sai an kwantar da shingaye biyar: kwaɗayin jin daɗin jiki, ƙiyayya, kasala da gyangyaɗi, rashin sukuni da cizon yatsa, sai kokwanto. Ku lura, gyangyaɗi shinge ne. Wanda ya zana mai jhana kamar mai barci a zaune ya zana kishiyar abin.

A matakin farko abubuwa biyar ke tare: ɗora tunani a kan abin da aka zaɓa, riƙe shi a wurin, shauƙi mai ratsa jiki, daɗi mai sanyi, da tattaruwar zuciya wuri guda. A na biyu, biyun farko sun faɗi, zuciya ta zauna da kanta ba sai ana janyo ta ba. A na uku shauƙin ya dushe, saura daɗi da daidaiton rai. A na huɗu daɗin ma ya tafi: babu daɗi, babu zafi, sai daidaito tsantsa da cikakkiyar farkawa, har nassoshin suka ce numfashi kan tsaya. Kun ga tsarin? Kowane hawa ana gane shi ne da abin da aka sauke. Abin da ya zama guzuri a wannan mataki, kaya ne mai nauyi a na gaba.

Bayan waɗannan akwai huɗu marasa siffa: sarari mara iyaka, sani mara iyaka, babu-komai, sai halin da ba a ce akwai tsinkaye ba, ba a kuma ce babu ba. "Kwashe komai" ɗin marubucinmu ya fi kusa da na bakwai, kuma shi ya ɗauka ƙololuwa. To, a riwayarsu, Siddata Gotama ya koyi na bakwai a wurin Alara Kalama, ya koyi na takwas a wurin Uddaka Ramafutta, ya bar su duka biyun domin ya ga hakan bai kawo ƙarshen wahala ba. A wurinsu jhana wasa wuƙa ce. Yankan shi ne basirar da ke ganin komai mai gushewa ne, ita ce suke cewa tana kai mutum nibbana.

Wani zai ce ai littattafansu sun ambaci tashi sama. Gaskiya ne, sun lissafa irin waɗannan baiwa bayan mataki na huɗu. Amma dokar sufayensu ta hana nuna su ga jama'ar gari, kuma wanda ya yi ƙaryar cewa ya kai jhana alhali ya san bai kai ba, ya aikata ɗaya daga laifuka huɗu da ke korar mutum daga sufanci har abada. Tsohonka mai baje kolin mu'ujiza a kasuwa, a idon mutanensa mai laifi ne. Ka san haka kafin ka ba shi rawani?

Ragwanci na biyu shi ne saurin laƙaba wa abin sunan gida, a ce halwa ce ko zikiri. Jhana ba ta fuskantar wani abin bauta, ba roƙo ba ce, ba ambato ba ce. Idan ka sa mata rigar da ba tata ba, ka zalunci ɓangarorin biyu, ka kuma ɓatar da mai karatu. Ka bayyana ta yadda take, Hausa ba ta gaza ba.

Abin takaicin shi ne labarin gaske yana nan an tsallake shi. A ƙarni na 5, a Anuradafura ta Siri Lanka, Budagosa ya rubuta Wisuddimagga, inda ya jera abubuwa 40 da ake tattara zuciya a kansu. A ƙarni na 20, a ƙasar Bama, Mahasi Sayado ya yaɗa hanyar neman basira ba tare da an fara nutsewa can cikin jhana ba, yayin da gidan sufaye na Fa-Auk ya shahara da koyar da jhana tukuna. Su kansu suna muhawara a kai har yau. Ka ɗauki ɗalibin da ya ɗanɗani shauƙin mataki na biyu ya ƙi sakinsa, malaminsa na ce masa wannan ma tarko ne. Ina takobin da ya kai wannan rikici kaifi?

Masu cewa me ya haɗa mu da addinin wasu, su tuna Albiruni. Ya koyi Sanskirit, ya fassara littafin yoga na Fatanjali zuwa Larabci, ya rubuta littafinsa kan Indiya wajen shekarar 1030, bai kuma bar addininsa ba. Sanin abu daban, yarda da shi daban. Babu wanda ya tilasta maka kai jaruminka gindin dutsen Himalaya. Amma in ka kai shi, bincike ya hau kanka. In ba za ka iya ba, bar shi a unguwarku, inda ka san kowane lungu.

Filin sharhi a buɗe yake. Wanda bai yarda ba ya zo da hujja.