AKU BA YA ZAMA MANAZARCI

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya ratsa ɗakunan kwananmu a 'yan makonnin nan ya ga abin da na gani. Masu shirin jarrabawar shiga digiri na biyu a fannin Anturofoloji, wato ilmin nazarin ɗan'adam da al'adunsa, sun duƙufa dare da rana a kan wasu 'yan takardu da aka taƙaita musu, suna maimaitawa kamar masu tilawa. Na tambayi ɗaya daga cikinsu ko ya taɓa buɗe littafi guda daga cikin waɗanda yake haddace sunayensu. Ya dube ni da mamaki, ya ce ai ba za a tambaya ba. Wannan amsa ita ce cutar da nake son mu fito da ita fili.

Me ake haddacewa? Ma'anar al'ada kamar yadda Edward Tylor ya bayar a 1871. Matakai uku da Lewis Morgan ya jera a 1877, inda ya ce kowace al'umma daga zaman daji take farawa, ta ratsa gidadanci, kafin ta kai ga wayewa. Sai Malinowski da zamansa a tsibiran Turobiriyan, da littafinsa na 1922. Ɗan'uwanmu zai zuba duk wannan a takarda ba tuntuɓe, ya ci maki, ya fito yana murmushi, alhali bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa a wane mataki 'yan mulkin mallaka suka ajiye kakansa ba. Kaico!

To, bari mu tuna masa. Wannan ilmi ya shigo ƙasarmu ne a bayan bindiga. Tremearne, wanda ya rubuta littattafai kan al'adun Hausawa da bori a 1913 da 1914, hafsan soja ne. C. K. Meek jami'in mulki ne, kuma littafinsa kan ƙabilun Arewa na 1925 daga ƙidayar jama'a ta 1921 ya samo asali. Da matan ƙasar Ibo suka yi bore a 1929, shi gwamnati ta tura can ya binciko yadda mutanen suke tafiyar da shari'a da shugabanci, domin a san ta inda za a riƙe su. Binciken M. G. Smith kan tattalin arzikin ƙauyukan Zazzau, Ofishin Kula da Ƙasashen Mallaka na Ingila ne ya buga shi a 1955. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ɗalibin da bai san wanda ya biya kuɗin bincike ba, da abin da mai biyan yake nema, bai fara karatu ba tukuna.

Haka kuma ba za a gaya maka a takardar hadda hannun wa ya yi aikin ba. Littafin tatsuniyoyi da al'adun Hausa da Rattray ya fitar a 1913, Malam Shaihu ne ya rubuta shi da ajami a ƙasar da yau ake kira Gana, amma sunan Bature ne ya yi tashe. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta a 1949 da 1950 aka buga a 1954, tsohuwa Bahaushiya ce ta zayyana shi, da aure da bauta da yunwa da zuwan Turawa, kamar yadda ta gani da idonta. Yau jikokin tsararrakinta suna zana jarrabawa a kan tsarin dangantaka da auratayya, sun san na mutanen Nuwer na Sudan ta Kudu a ka, ba su taɓa karanta shafi ɗaya na Baba ba.

Na san akwai 'yan'uwa masu zafin kishi da za su ce tunda haka ne a watsar da fannin baki ɗaya. Ban yarda ba. Ba a cinna wa rumbu wuta don ɓera ya shiga. Cikin littafin Nadel na 1942 kan ƙasar Nufe akwai bayanin sana'o'in Bida da kasuwanninta wanda da wuya a same shi a wani wuri. Polly Hill ta zauna a Ɓatagarawa ta nuna a 1972 cewa manoman ƙauye ɗaya ba daidai suke ba, akwai mai sayar da hatsi da tsada a bazara, akwai mai cin bashi tun kafin kaka. Abner Cohen ya bi diddigin fataucin goro da shanu a Sabon Ibadan a littafinsa na 1969. Waɗannan kayan aiki ne, a karanta su da ido biyu. Kuma su kansu masu fannin sun yi wa juna tonon silili: Archie Mafeje na Afirka ta Kudu ya fasa ƙwan aƙidar ƙabilanci a 1971, Talal Asad ya tara masana a littafin 1973 suka tona alaƙar fannin da mulkin mallaka. A nan gida Yusufu Bala Usman, a littafinsa kan Katsina na 1981, ya koma ga takardun Larabci da bakunan dattawa, ya ƙi yarda a mayar da tarihinmu kokawar Haɓe da Fulani kawai. Da karatu ya kayar da su. Wanda bai karanta ba ihu kaɗai zai iya.

Laifin ba na ɗalibai ba ne su kaɗai. Muddin masu tsara jarrabawa suna maimaita tambayoyin bara da bara waccan, to kasuwar masu sayar da taƙaitawa ba za ta mutu ba. Jarrabawar da aka ce ta shiga bincike ce ya kamata ta auna ko mutum zai iya bincike. Zai iya zama a majalisar mahauta ko masaƙa ya saurara wata guda bai yi wa kowa wa'azin boko ba? Zai iya bambance abin da aka gaya masa da abin da ya gani? Ya san cewa mai unguwa da bazawara ba za su ba shi labarin gona ɗaya iri ɗaya ba?

Kada wani ya ɗauka wannan gardamar 'yan aji ce. Masu digirin nan su ne gobe za a tura su rubuta rahoto kan rikicin manoma da makiyaya, ko kan ƙauyukan da za a tasa don gina madatsar ruwa. Mun ga abin da ya faru a Bakolori a 1980, inda aka ci gonakin talakawa, suka nemi diyya, aka amsa musu da harsashi. Mun ga yadda aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 saboda jama'a ba su amince ba, alhali ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi a kan 'ya'yansu a 1996 ba. Jami'in da ya saba kwafe abin da ya tarar a takarda, in aka ba shi kujera, kwafen zai ci gaba da yi, talaka ne zai biya.

Saboda haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta kai wa hukuma buƙatu uku. A daina maimaita tsofaffin tambayoyi. A wajabta wa kowane mai neman shiga ya kawo ɗan rahoton abin da ya nazarta da kansa a unguwarsu ko kasuwarsu, a yi masa tambayoyi a kai baki da baki. A sa ayyukan da aka yi kan ƙasarmu, da na magabata irin su Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello da Muƙaddimar Ibn Khaldun, cikin abin da za a karanta.

Ku kuma 'yan'uwa masu shirin jarrabawa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ku ajiye taƙaitawar nan, ku je laburare ku ɗauki littafi ɗaya ku karanta shi daga bango zuwa bango, sannan ku je gida ku tambayi kakarku ko abin da aka rubuta gaskiya ne. Gani ya kori ji.