Sharhi: Bas ta zama ɗakin kwana a Tawa, amma takardarta ba ta canza ba

Duk mai bin hanyar Tawa zuwa Abalak da Agadas ya san cewa motoci kaɗan ne ke zama yadda aka ƙera su. Hiace da ta shigo a matsayin motar kaya, masu walda kan yanka mata tagogi su jera kujeru ta koma ta fasinja. Wasu 'yan cin kasuwa da ke zagaya Tabalak, Keita da Cintabaraden kuwa cire kujerun baya suke yi, su shimfiɗa katifa, su ajiye tukunyar gas, motar ta zama shago da rana, ɗakin kwana da dare.

Dabara ce mai rage kuɗin masauki, sai dai akwai wani gibi da ba a cika lura da shi ba: an canza motar, ba a canza takardarta ba.

Takardar mallakar mota da aka fi sani da carte grise ba sunan mai mota kawai take ɗauke da shi ba. A cikinta ake rubuta nau'in motar, yawan kujerunta da nauyin da aka amince ta ɗauka. Da zarar an sauya ɗaya daga cikinsu ba tare da an koma ma'aikatar sufuri ba, abin da ke kan titi daban, abin da ke rubuce daban.

A shingen jandarmomi lamarin kan ƙare ne da tara. Babbar asarar tana zuwa ne ranar haɗari. Nijar na cikin ƙasashen da ke aiki da dokar inshora ta CIMA, wadda ta tanadi cewa yarjejeniya na rushewa idan mai mota ya ɓoye gaskiya da gangan. Ke nan wanda ya yi inshorar motar kaya, amma gobara ta tashi daga gas ɗin da yake girki da shi, na iya wayar gari ba mota, ba jari, ba diyya.

A Faransa, motar da aka mayar gidan kwana na da rukuninta da ake kira VASP. Sai an duba gas, hanyoyin shigar iska da nauyi kafin a sauya mata takarda, kuma tun watan Mayun 2018 aka tsaurara binciken motocin da ba su dace da takardunsu ba.

Ba lallai Nijar ta kwafo wannan tsari sak ba, domin a Adar neman abinci ne ke sa mutum kwana a mota, ba yawon shaƙatawa ba. Amma tun da rufe iyakar Benin a 2023 ya tsawaita hanyar shigo da motoci, gyaran tsohuwa ya fi sayen wata sauƙi, don haka aikin masu walda ba raguwa zai yi ba.

Abin da ake buƙata shi ne hanya mai sauƙi a nan Tawa: a auna motar, a duba waldar da gas ɗin, a sauya takarda kan farashin da kowa ya sani, hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER kuma ta wayar da kan masu gareji. Idan bin doka ya fi kauce mata tsada da wahala, masu mota za su ci gaba da kauce mata.