KAFIN MU YI WA SOJA TAFI, MU LEƘA SATIRU

Daren jiya a teburin mai shayin da muke zama a Sama Road gardama ta kaure har shayina ya huce. Wani yaro ɗan maƙwabta, shekararsa uku da gama jami'a babu aiki, ya miƙo mini wayarsa in ga Janar Tiani yana jawabi. Ya ce, "Wallah Kawu, irin wanga muka so. Wagga dimokuraɗiyya mi ta tsinana muna? Duba yadda ya kore Faransa." Wai juyin juya hali ake yi a Nijar, mu kuma muna nan muna barci.

Ban yi masa faɗa ba, don na san abin da ke cinsa. Wanda ya je kasuwa a 'yan shekarun nan, ko yake da dangi a Sabon Birni da Isa waɗanda ba su iya zuwa gona sai sun biya ɗan bindiga, ba ya buƙatar a koya masa fushi. Abin da na yi kawai, na nuna masa wajen gidan marigayi Alhaji Shehu Shagari da ke kan wannan titin namu, na ce masa ina saurayi ranar 31 ga Disamba 1983 da soja suka tumɓuke shi, kuma da idona na ga masu murna. Zan dawo kan wannan.

Kowane ɗan Sakkwato ya san Giginya. Ranar 15 ga Maris 1903 rundunar Kanar Morland ta fuskanci Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a bayan gari, dawaki da masu da takubba a gefe guda, bindiga mai ruwa da igwa a ɗaya gefen. Kafin rana ta take an gama. Attahiru ya yi hijira gabas, jama'a suka yi ta binsa gari-gari, har ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli na wannan shekara. Ɗansa Mai Wurno ya ja ragowar mutanen zuwa Sudan, inda har gobe akwai gari mai sunansa. Wannan duk muna faɗarsa da alfahari, kuma ya cancanta.

Abin da ba mu cika faɗa ba shi ne su wa suka riƙe bindigogin a Giginya. Turawan da ke cikin rundunar ba su kai hamsin ba. Sauran ɗaruruwan baƙar fata ne, da yawansu da Hausa suke magana, an ɗauke su aiki an sa musu kaki. Rundunar sojan Nijeriya da kanta tana ƙirga asalinta daga 1863, daga ƙaramar rundunar da Glover ya haɗa a Legas wadda ake kira Hausawan Glover. Ba ina zagin soja ba ne, ina da ƙane a cikinsu, kuma yaran da ke mutuwa a daji yau don mu kwana lafiya Allah Ya saka musu. Amma tarihi tarihi ne. A Giginya kaki yana ɓangaren Lugga.

To sai Satiru, wadda ita ce ta sa na zauna rubutun nan. Ƙauye ne kudu da Sakkwato, kimanin kilomita 20, na talakawa da malaman karkara da bayin da suka gudu daga iyayengijinsu. Na tambayi yaran da ke teburin, su biyar, ɗaya ne kawai ya taɓa jin sunan. A watan Fabrairu 1906 mutanen nan, da fartanya da gatari da kibau, suka tarwatsa sojan dawakin Turawa, suka kashe Turawa uku har da Hillary mai riƙon Razdan, da sojoji fiye da ashirin, suka kuma ƙwace bindiga mai ruwa. Abin da manyan masarautu da dubban dawakinsu ba su yi ba a 1903, manoma suka yi shi.

Ga wurin da ya shafi maganar Nijar. Ɗaya daga cikin jagororinsu, Malam Shu'aibu wanda ake kira Ɗan Makaho, daga ƙasar Faransa ya tsallako, bayan an murƙushe tawayen Kobkitanda a yankin Doso. Wato tun a lokacin talakan can da talakan nan ciwonsu ɗaya ne: haraji, aikin tilas, da sarakunan da Bature ya jingina da su. Ranar 10 ga Maris 1906 aka koma Satiru da babbar runduna. An kashe mutane kusan dubu biyu, aka kwashe mata da yara, aka baje garin, aka hana kowa sake zama a wurin. Ɗan Makaho a nan cikin Sakkwato aka kashe shi. Kuma, gaskiya ɗaci gare ta, manyanmu na lokacin suna tare da Bature a wannan aikin. Suna da hujjarsu: mutanen Satiru suna da'awar Mahadiyya, sun ƙi biyan haraji, sun far wa maƙwabta, kuma gari da bai daɗe da fita daga yaƙi ba yana tsoron sabuwar fitina. Ban isa in yanke wa magabata hukunci ba. Amma ga ni a nan ina tambaya, me ya sa Giginya ta samu suna a filin wasa da otal da bariki, Satiru kuwa ko a aji ba mu ji ta ba?

Ni a ganina amsar ita ce, ƙin Bature daban, barin talaka ya ɗaga kai daban. Mutum yana iya yin na farko da dukkan zuciyarsa, ya kuma ƙi na biyu da dukkan ƙarfinsa.

Ku dubi Nijar ɗin da ake ba mu misali da ita. A ƙuri'ar raba gardama ta 1958 Djibo Bakary da jam'iyyarsa ta Sawaba suka ce a'a ga De Gaulle, a ba su 'yanci nan take. Faransa ta yi duk abin da za ta yi ya faɗi, aka haramta Sawaba a 1959, Diori Hamani ya zama shugaban ƙasa na farko a 1960 da jam'iyya guda tilo. Da 'yan Sawaba suka ɗauki makami a 1964, an murƙushe su ba tausayi. Sai fari ya zo, mutane da dabbobi suka yi ta mutuwa, ana zargin manya da karkatar da abincin agaji. Ranar 15 ga Afrilu 1974 Seyni Kountché ya kifar da Diori, a daren aka kashe matarsa Aissa. Jama'a suka yi murna. Kountché, wanda shi kansa sojan Faransa ne da ya yi musu aiki a Indochina da Aljeriya, ya sallami sojojin Faransa daga ƙasar a wannan shekarar. Kun ji? Korar sojan Faransa daga Yamai ba a 2023 aka fara ta ba. Djibo Bakary ya dawo gida daga gudun hijira yana zaton lokacinsa ya yi. A 1975 Kountché ya jefa shi kurkuku. Mutumin da ya fara cewa a'a ga Faransa ke nan. Uranium kuma ya ci gaba da tafiya inda ya saba tafiya.

Mu a nan, soja sun kashe mana Sardauna da Tafawa Ɓalewa ranar 15 ga Janairu 1966, kuma su ma waɗancan manjojin juyin juya hali suka kira abin da suka yi. Ƙarshensa yaƙin basasa na wata talatin. Sai 1979 aka miƙa wa Shagari. Ba zan ce gwamnatinsa ba ta da laifi ba, zaɓen 1983 kowa ya san yadda aka yi shi, ga badaƙalar shinkafa, ga tsada. Amma ana iya zaginta a jarida da kan dandamali a kwana a gida. Da Janar Buhari, Allah Ya jiƙansa, ya karɓa, bayan 'yan watanni aka kafa dokar da ta ɗaure 'yan jarida, aka canza kuɗi, aka rufe iyaka a 1984. Ku tambayi tsofaffin Konni da Maraɗi, yunwar wannan lokacin har suna suka sa mata, El Buhari. Masu murnar da na gani sai da suka jira shekara goma sha biyar da 'yan watanni kafin su sake ganin shugaban da suka zaɓa da hannunsu.

Kada wani ya ce ina kare Faransa. Abin da Voulet da Chanoine suka yi wa Birnin Konni a 1899 ya ishi duk Bahaushe dalilin ƙin mulkin mallaka har abada. Kuma lokacin da ECOWAS ta rufe iyaka aka yanke wa Nijar wuta a 2023, ina cikin waɗanda suka ce zalunci ne, don mu a nan Illela da Konni gida ɗaya ne, mu muka ga motocin kaya sun yi layi albasa tana ruɓewa. Amma tun 26 ga Yuli 2023 aka tsare Bazoum ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. A watan Maris 2025 an rushe jam'iyyun siyasa duka, an ba Tiani shekara biyar, kuma ana iya ƙarawa. In gobe manomin Doso ko Tawa ya ce harajin ya yi yawa, ko tsaron da aka yi masa alkawari bai gani ba, ina zai kai kuka, kuma me za a yi masa?

Yaron ya ce mini, "To Kawu, sai mu zauna haka nan?" Na ce a'a ɗana, gwamnan da ya gaza kana da ranar da za ka kore shi, ko da za su yi maka maguɗi ka sake dawowa. Janar kuwa ba shi da rana, sai in wani janar ɗin ya ga dama. Bai gamsu ba, na gani a fuskarsa. Mun dai yi da shi ranar Asabar zai zuba mai a babur ɗinsa, ni in biya, mu nufi wajen Dange mu tambayi tsofaffi su nuna mana inda Satiru take.