Tsakuwa a ciki, ba a takarda

Ƴan'uwa, yau maganar gwaggona ce na kawo muku, don na san ba ita kaɗai ba ce.

An cire mata matsarmama saboda tsakuwa, a wani asibitin birni. Aikin zamani aka yi mata, na kyamara: ƴan ƙananan huji huɗu a ciki maimakon doguwar yanka. Kwana biyu aka sallame ta, ta dawo Matameye tana nuna wa maƙwabta tabon, kowa na ta "ikon Allah!" Wata goma sha huɗu bayan nan zazzaɓi ya fara. Ya tafi, ya dawo. Aka sha maganin masassara, aka sha na taifot, aka je wajen mai saiwa. Gefenta na dama, ƙarƙashin haƙarƙari, yana ta ciwo, tana ramewa. Da aka yi eko aka ga wani ƙullutu kusa da hanta, wani ya furta kalmar kansa, gidanmu ya yi mako ba barci. Sai da aka sake buɗe ta aka tarar da ƙurji cike da mugunya, da ƴan tsakuwoyi biyu a tsakiyarsa. Na wancan aikin ne suka zube.

Ku tsaya, ba likita na zo tsinewa ba. Matsarmama mai kumburi fatarta ba ta da ƙwari, wajen ɓamɓaro ta daga hanta ko fito da ita ta ƙaramin huji takan fashe. Wannan sananne ne tun da aikin ya bazu, bayan Erich Mühe ya fara shi a Jamus a 1985, Philippe Mouret kuma a Lyon ta Faransa a 1987. Yana faruwa har a hannun gwanaye. Likita yakan tsince abin da ya gani, ya sa a ƴar jaka, ya wanke cikin da ruwa. Amma tsakuwa kamar ƙwayar gero ta gangara bayan hanta, wa ya gan ta? Mafi yawan masu irin wannan har su bar duniya ba su jin komai. Kaɗan ne take tashi musu, bayan watanni ko shekaru: ƙurji a ciki, ko a wurin hujin, wani ma ta huda hanya mugunya ta riƙa fita ta fata. Tsakuwa mai duhu ta fi wannan ɗabi'a, musamman in akwai ƙwayoyin cuta tare da ita. Kuma baƙar tsakuwa ita ce ta masu sikila, waɗanda ba sai na gaya muku yawansu a Damagaram ba.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne shirun. Ba wanda ya ce mana ta fashe. Da muka dawo gida, abin da ke hannunmu takardar magani ce da rasit, shi ke nan. To majon da ya gan ta a nan gida, da me zai gane? Duba zai yi? Ya ga tsohuwa da zazzaɓi cikin damina, ya ba da abin da kowa zai ba da. Da layi ɗaya aka rubuta, "tsakuwa ta zube, an tsince wasu", da tun watan farko an san inda za a duba, da ba mu sayar da garkar rake ba.

Mu ma da namu laifin. Muna jin kunyar tambayar likita kamar suruki. A ce an yi aiki lafiya, mu ce alhamdulillahi, mu naɗe tabarma. Mutanenmu na zuwa aiki Damagaram, Yamai, wasu su bi ta Daura su shiga Kano, su dawo ba takarda ko ɗaya da wani likita zai karanta.

Kai da ka yi boko, kai ne ɗan rakiya. Kafin sallama ka tambaya da ladabi: matsarmamar ta fashe? An fitar da duka? Ka nemi takardar bayanin aiki, wadda suke cewa compte rendu opératoire, ka ɗauke ta hoto a waya. In zazzaɓi ya ƙi jin magani, ko da bayan shekara biyar ne, ka gaya wa mai dubawa an taɓa yin wannan aikin.

Gwaggo ta warke. Tsakuwoyin suna cikin kwalba a ɗakinta, duk wanda ya zo gaisuwa sai ta nuna masa.